Zo Ka Ci, Maraɗi

Kyanwar ta faɗi a bakin famfo, ƙafafunta na baya suka ƙi ɗaukarta. Ta yunƙura sau biyu, ta ja jiki kaɗan, sannan ta ɗora haɓa a kan siminti ta bar idanunta a buɗe.

Husseina ta yar da tsintsiya ta durƙusa. Da ta ɗaga ta sai ta ji kamar tsumma ta ɗauka. Gashin wutsiyar duk ya manne da zawo. Kwana biyar ke nan cikin dabbar yana zuba, amma yau ne karo na farko da aka taɓa ta ba ta kai yakushi ba, wannan kuwa shi ya fi tayar wa Husseina da hankali.

"Memuna, ajiye abin da kike yi ki zo."

Memuna ta fito daga ɗakin girki tana goge gasara a zaninta. 'Yar ƙanen maigidan ce, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi. A nan Nima, unguwar Hausawa a Accra, aka haife ta, a nan aka haifi uwarta. Ta leƙa, ta ja da baya.

"Ya mutu?"

"Tana numfashi."

"Mma, wannan ya kusa. Dubi idonshi."

Haka Hausar Nima take, mace da namiji duk "shi" ne, duk "ya" ne. Wata guda Husseina ta yi a gidan, amma har yanzu in aka ce mata "ka zo" sai ta waiga ta ga ko da wani a bayanta.

Daga kujerarsa a ƙarƙashin baranda, maigidan, Alhaji Seidu, ya ɗago kai. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma bai cika ganin nesa ba.

"Hassana, me ya samu Maraɗi?"

Matar da ke wanki a ɗaya ɓangaren ta tsaya da hannu cikin kumfa.

"Husseina ce, Alhaji."

"Na sani," in ji shi. Amma ya daɗe yana kallonta kafin ya sauke kai.

Hassana, matarsa, ta rasu kwana talatin da uku da suka wuce. Tagwaye ne ita da Husseina, fuska ɗaya, murya ɗaya, har tsagar kumatu wanzami ɗaya ne ya yi musu a rana ɗaya. Aure ya kawo Hassana Accra shekara talatin da ɗaya ke nan, Husseina ta zauna a Maraɗi. Da aka bugo waya cewa jiki ya yi tsanani ta hau mota, ta kwana uku a hanya, ta iso an riga an dawo daga maƙabarta. Ranar da ta shigo gidan nan matan da ke zaman makoki suka watse suna zaton marigayiyar ce ta dawo, wata ta bar takalminta, har yau ba ta aiko a ɗauka ba. Tun daga nan Husseina ba ta taka ƙofar waje ba. A ɗakin 'yar'uwarta take kwana, tana jiran addu'ar arba'in ta koma gida.

Ba ta ga gawa ba. Hassana kuma ba ta bar ɗa ba. Abin da Husseina ta tarar mai numfashi, wanda ya kwanta a jikin 'yar'uwarta har ranar ƙarshe, kyanwar nan ce, baƙa mai farin kunne ɗaya, wadda marigayiya ta raɗa wa sunan garinsu don bakinta ya riƙa faɗinsa kullum.

"Ku bar shi," wata murya ta fito daga bayan labulen ɗakin ƙarshe, inda wata tsohuwa 'yar haya take. "Mai shi ne ya zo ɗauka. Tun shekaranjiya yake kallon ƙusan da mayafin Hajiya Hassana yake rataye. Ku kun ga abin da yake gani?"

Husseina ma ta lura da wannan kallon, ta dai ƙi faɗa. Ta jawo kwando, ta shimfiɗa tsohon zani a ciki, ta kwantar da kyanwar.

"Memuna, kai ni wurin likitar da kika kai ta wancan makon."

"Bari in je ni kaɗai, Mma."

"Tare za mu."

"Da wannan fuska za ka fita?"

"Kina da wata da za ki ara min?"

Da hantsi lungunan Nima cike suke, kwata a tsakiya, mutane ta gefe da gefe. Memuna ta shiga gaba tana buɗa hanya, Husseina na biye da kwando a ƙirji. Wani tela ya ɗaga kai, ƙafarsa ta tsaya a kan keke. Mai gasa masara ta fara karanto addu'a a bayyane. A bakin kasuwa wata mai albasa ta miƙe zumbur, tirenta ya kife, albasa ta yi ta gangarawa cikin kwata ba wanda ya sunkuya.

"'Yan biyu ne," Memuna ta yi ta faɗa hagu da dama. "Ƙanwarshi ne daga Nijar. Ku kawar da ido, ba fatalwa ba ne."

Ba kowa ya ji ba. Zanin ya zame, farin kunnen ya leƙo ta bakin kwando, waɗanda ke nesa suka ga abin da suka gani: Hajiya Hassana ta wuce da kyanwarta.

A bakin titi suka samu turotoro, ƙaramar bas ta haya, mai zuwa shataletalen Sakul. Husseina ta zauna ta jikin taga, ta sa yatsa biyu a haƙarƙarin dabbar don ta riƙa jin motsinsa. Ɗaya hannun yana kan wayarta. A cikin wayar akwai saƙon murya na ƙarshe da Hassana ta turo mata daga gadon asibiti, wanda take saurara kowace safiya bayan salla. Ta haddace shi har da inda numfashi yake yankewa. "Husseina, in ban tashi ba, ki riƙe min shi. Kar ki bar shi da yunwa. Ba ya ci a hannun kowa sai ni."

Ta riƙe amana iyakar ƙarfinta. Ita ke dama wa Alhaji koko, ita ke tuƙa masa tuwo, ita ke tsayawa a kansa sai ya cinye. Kyanwar kuwa ba ta taɓa kusantarta ba. Waje take fita ta nemo abin da za ta ci, ta dawo ta kwanta a bakin ƙofar ɗakin, ta kalli Husseina irin kallon da ake yi wa wanda ya sa kayan wani. Sai da wani muzuru ya cije ta a cinya, wurin ya kumbura ya yi ruwa, sannan ta daina fita. Memuna ta kai ta aka matse, aka ba da magani. Mikin ya fara kamewa, sai ciki ya ɓalle.

Suka sauka a unguwar Kokomlemle. Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne a bayan wani shagon ɗab'i. Likitar, Dokta Najat, matashiya ce mai ɗan ƙaramin hijabi da farar riga, 'yar zangon Hausawa ita ma. Ba ta san Hassana ba, saboda haka ta kalli Husseina kamar yadda ake kallon kowa, abin da Husseina ta kusa manta daɗinsa.

Ta ɗora kyanwar a teburin ƙarfe, ta kama fatar wuyanta ta ɗaga ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye, ba ta koma ba.

"Ruwan jikinshi ya ƙare," in ji ta. "Me ya sa kuka bari har yau?"

Ba ta jira amsa ba. Ta rataya ledar ruwa, ta soka allura a ƙarƙashin fatar kafaɗa. Kyanwar ko motsi ba ta yi ba.

"Ƙwaya fa, ana ba shi?"

"Kullum da azahar," in ji Husseina. Ta nuna bayan hannunta, duk sawun farce. "Ga shaida."

"Gari fa?"

"Wane gari?"

"Garin da na ba Memuna. Ƙananan fakiti goma masu ƙyalli. Na ce a barbaɗa a abinci."

"Ai wannan na Alhaji ne."

Dokta Najat ta dubi Memuna. Memuna ta dubi Husseina, bakinta a buɗe.

"Wane Alhaji, Mma?"

"Alhaji nawa gare mu a gidan?"

Husseina ta tuna ranar tsaf. Memuna ta dawo a gaggauce, geronta na jiƙe yana jiranta, ta zazzage baƙar leda a kan tabarma. A hanya ta biya kantin magani ta karɓo na hawan jinin Alhaji, duk a leda ɗaya. Ta ɗaga ƙaramin ambulan ta ce wannan na kyanwa ne. Ta ɗaga kwali ta ce wannan na Baba ne. Sannan ta ɗaga fakitocin ta ce, "Wannan kuma a zuba mashi a abinci, zai gyara mashi ciki." Ba hoto a jiki, sai ƙananan rubutun Turanci, Husseina kuwa ajami ta iya da ɗan Faransancin kasuwa.

"Kin ce a zuba masa," in ji Husseina a hankali. "Masa. Namiji ɗaya ne kika ambata a wurin."

"Kyanwa nake nufi."

"Kyanwa mace ce, Memuna. Mata ake cewa."

"A Nima ba mu da lokacin wannan, Mma."

"Kwana nawa?" likitar ta tambaya.

"Bakwai. A kokonsa na safe."

Memuna ta dafe kai ta zauna a benci. "Shi ya sa. Kullum sai ya ce min kokon yana warin hanta, ni kuma in ce tsufa ne ya kama mashi hanci. Kuma kofi biyu yake shanyewa."

Dariya ta kusa kuɓuce wa likitar, ta danne. "Ba na jin zai yi mashi komai. Amma a daina, kuma a gaya wa likitanshi. An sa ƙanshin nama a ciki ne don kyanwa ya yarda ya ci."

Husseina ba ta yi dariya ba. Idonta na kan fatar kafaɗar da ke kumbura da ruwa a hankali.

"Mene ne aikin garin, likita? Faɗa min yadda zan gane."

Dokta Najat ta jawo kujera. "Mma, ka taɓa ganin ruwan sama mai ƙarfi ya bi babban kwata na Nima? Yana kwashe datti, amma ba ya tambayar suna. Ya haɗa da bokitin mutane, da benci, da kaji. Haka antibayotik yake, wannan ƙwaya da kake ba shi. A cikin hanjin kyanwa akwai ƙananan halittu masu rai, ido ba ya gani, su ke taya shi narka abinci. Ƙwaya ya je kashe na miki, ya haɗa da su. Ciki ya zama kango, sai zawo. Wannan gari, furobayotik, irinsu ne a ciki, a bushe, kamar suna barci. In sun shiga sai su farka su zauna a ɗakunan da aka bari."

"A ɗakunan da aka bari," Husseina ta maimaita.

"Haka."

"Da na ba ta, da ba ta yi zawon ba?"

"Ban ce ba. Wani kyanwa ko an ba shi sai ya yi. Amma yana taimakawa, kuma da an dawo da shi da wuri da bai kai haka ba. Me kuka ba shi da ya ƙi abinci?"

"Madarar gwangwani. Ina ajiye mata in kauce, tana ɗan lasa."

Likitar ta rufe ido na ɗan lokaci. "Madara yana ƙara ma kyanwa zawo, Mma. Yawancinsu cikinsu ba ya ɗauka."

Husseina ta sunkuyar da kai. Kenan da hannunta ta hana, da hannunta ta ƙara.

"Saura kwana uku ƙwaya ya ƙare, kar a tsaya, in an tsaya miki zai dawo. Gari kuma a fara yau, a ci gaba har mako guda bayan ƙwaya, zan ƙara muku wasu fakiti. Amma kar a haɗa su. In ka ba su tare, ƙwaya zai kashe su tun a bakin ƙofa. A bar awa biyu tsakani, ko fiye."

"Ba na ɗaura agogo."

"Kana salla ai. Ƙwaya da azahar, gari da la'asar. A dafa kifi, ba gishiri ba yaji, a barbaɗa." Ta dubi ledar ruwan. "Ruwan da na sa zai riƙe shi yau. Amma sai ya ci da bakinshi. In gari ya waye bai ci ba ku dawo da shi, sai dai ba zan yi muku alkawari ba."

Aka kira likitar ɗaya ɗakin, ta bar su da ledar ruwa tana ɗiga. Husseina ta zauna kusa da Memuna. Sai saƙon Hassana ya faɗo mata a rai. Ta ciro wayarta.

"Saurara min wannan. Ki faɗa min abin da kika ji, da kunnenku na nan."

Muryar matacciya ta cika ɗan ɗakin. Ki riƙe min shi. Kar ki bar shi da yunwa. Ba ya ci a hannun kowa sai ni.

A kan tebur, farin kunnen ya motsa.

Memuna ta share ido da gefen mayafi. "Kyanwa yake nufi."

"Kin tabbata?"

"Mma, Baba yana ci a hannun kowa. In mai waina ya wuce sai ya kira shi. Maraɗi ne ba ya ci sai Hajiya ya zauna ya miƙa mashi."

Husseina ta kashe wayar. A cikin saƙon Hassana ta ce mata "ki", kamar yadda suka tashi suna faɗa wa juna, shi ya sa ba ta taɓa zargin sauran kalmomin ba. Ashe shekara talatin da ɗaya sun ci rabin harshen 'yar'uwarta ba ta sani ba. Sun sha nono ɗaya, sun yi haƙori rana ɗaya, da can ɗaya kan fara magana ɗaya ta ƙarasa. Magana ta ƙarshe da Hassana ta bar mata a duniya, sai da mai sayar da koko ta fassara mata.

Tasi suka ɗauka a dawowa, har bakin lungu. Ana kiran azahar Husseina ta buɗe bakin kyanwar ta tura ƙwaya. Wannan karon an ɗan kai mata farce, ta ji daɗin zafinsa. Ta kwantar da ita a bakin ƙofar ɗakin, inda ta saba. Kyanwar ta juya kai ta kafa wa ƙusar mayafin ido.

Memuna ta tafi kasuwa neman kifi. Husseina ta yi salla, ta zo ta zauna a tabarma kusa da kujerar Alhaji.

"Alhaji, ina da laifi a wurinka."

"Ƙanwar mata ba ta laifi. Faɗi."

Ta faɗa masa. Ya ja carbi, sannan ya ce, "Kwana bakwai kina ba ni abincin kyanwa."

"Maganinta dai."

"To ai ga shi ban fara kama ɓera ba." Ya ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. Shi ya yi zaman Kano yana saurayi, in yana magana da ita yakan gyara harshe. "Cikina ma ya lafa kwanan nan. Na ɗauka hannunki ne. Na ce hannunta ne ya dawo."

Husseina ta tashi ta hura gawayi.

Tsakanin azahar da la'asar bai taɓa yi mata tsawo haka ba. Inuwar bango ta yi ta rarrafe a kan siminti. Matan gidan suka kwashe shanya, suka shige ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, kamar an gaya musu kada su tsaya. Labulen ɗakin ƙarshe kaɗai ke motsi. Husseina ta dafa kifin, ta zare ƙaya da yatsa, ta marmasa a ƙaramin faranti, ta bari ya huce. Da ladan ya ɗaga murya ta yi salla a gaggauce, ta yaga fakiti ɗaya cikin ukun da suka rage, ta barbaɗa. Garin launin ƙasa ne, ba ya kama da abin da ke da rai.

Ta durƙusa, ta tura farantin.

"Maraɗi, zo ki ci."

Kyanwar ba ta ko juyo ba.

Ta ɗebo a yatsa ta kai mata bakin hanci. Hancin ya motsa, kan ya kauce. Ta ja baya ta ɓuya a bayan ƙofa kamar yadda take yi da madara, ta ƙirga numfashi ɗari, ta leƙo. Ƙudaje ne kawai a kan kifin. Memuna ta gwada, da kissa da tsaki da Turanci, ba abin da ya canza.

"Na faɗa muku," in ji muryar bayan labule. "Wanda ake kira daga can ba ya jin na nan."

"Kaka, ka yi mana shiru don Allah," in ji Memuna.

Husseina ta sake durƙusawa. "Zo ki ci, 'yar albarka. Ki ci ko loma ɗaya. Kar ki sa in je gabanta da kunya biyu."

"Ba haka take kira ba," in ji Alhaji daga kujerarsa.

Ta waigo.

"Ba ta durƙusawa. Zama take yi a dokin ƙofa, ta miƙe ƙafa ɗaya. Ta ɗora a tafin hannu, ba a faranti ba. Ta buga cinya sau biyu." Ya yi gyaran murya. "Sai ta ce, Maraɗi, zo ka ci, kar ka ba ni wahala."

"Ka," in ji Husseina.

"Ka."

Wata guda ta yi tana gyara wa mutane suna, tana cewa ni ba ita ba ce. Ta ƙi taɓa mayafin da ke ƙusa, ta ƙi sa takalmin da ke ƙarƙashin gado ko da nata ya tsinke. Abin da ya rage mata a gidan nan da ke nuna ita Husseina ce, harshenta ne kawai. Ta dubi haƙarƙarin da ke hawa yana sauka da ƙyar.

Ta zauna a dokin ƙofa. Ta miƙe ƙafa ɗaya. Ta juye kifin a tafin hannunta, ta buga cinya sau biyu.

"Maraɗi," ta ce, sai ta ji muryar ta fito da wani lanƙwasa da ba ta sa mata ba. "Zo ka ci, kar ka ba ni wahala."

Memuna ta toshe baki da hannu biyu. Carbin Alhaji ya zame ya faɗi ƙasa, bai neme shi ba.

Kyanwar ta ɗauke ido daga ƙusa. Ta kalli fuskar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta kafa ƙafafun gaba, ta ja na baya, ta faɗi, ta sake tashi. Taku huɗu ne tsakaninsu, ta yi su kamar mai haye kogi. Husseina ta ji ɗan harshe mai kaushi a tafin hannunta, sau ɗaya, sau biyu, sannan haƙora suka kama.

Kyanwar ta cinye rabi. Ta lashe tsakanin yatsu, ta ɗora kai a cinyar Husseina, wani ɗan gurnani mai rauni ya fara fita daga ƙirjinta. Labulen ɗakin ƙarshe ya sauka.

"Alhamdulillahi," in ji Memuna ƙasa-ƙasa. "Gobe ma haka, Mma. Da jibi."

Husseina ta gyaɗa kai. Ta san gobe ma sai ta ari muryar nan, da jibi, har mako guda bayan ƙwaya, wato har bayan arba'in, bayan ranar da ta sa za ta hau mota.

Sallama ta shigo daga zaure.

Mace ce doguwa, ta manyanta, da farin mayafi har ƙasa da kwando mai murfi a hannu. Ba wanda ya san ta. Ta tsaya a tsakar gida ta dubi Husseina ido cikin ido, ba ta firgita ba, ba ta karanto komai ba. Sannan ta sauke ido kan cinyarta.

"Sunana Alimatu, daga unguwar Maamobi," in ji ta, da Hausa cikakkiya irin ta gida. "An ce min yau da hantsi an ga baƙar kyanwa mai farin kunne a bakin kasuwa."

"Na Hajiya ne," in ji Memuna. "Shekara biyu yana gidan nan."

"Na sani. Shekara shida nake bin sawunta." Ta ajiye kwandon, ta buɗe murfin. Ba komai a ciki sai farin ƙyalle. "Gidan yayana ta fara zama. Daga nan gida biyu. Naku ne na huɗu, kuma duk inda na isa sai in tarar an shimfiɗa tabarmin gaisuwar mutuwar wanda take ci a hannunsa."

Gurnanin ya tsaya. Kyanwar ta ɗago kai, farin kunnen ya juya wajen baƙuwar.

"Ba ta ci a hannun mutum biyu a lokaci ɗaya," in ji matar. Ta dubi Alhaji, ta dubi Memuna, sannan ta tsayar da ido a kan yatsun Husseina da ke ƙyallin man kifi. "A hannun wa take ci yanzu?"